Filashin Ɗin Suruki

Kaf kasuwar Bagudo babu mai gyaran waya da ya kai Mudassiru baki. Ga iya aiki, ga cika baki, har maƙwabtansa na rumfa suna ce masa rediyo. Amma da ya hango surukinsa Alhaji Ma'azu, uban matarsa Riskuwa, sai rediyon ya mutu. Ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ido a ƙasa, komai aka ce sai "to, Baba".

Wata ranar kasuwa Alhaji ya dawo daga Segbana, can tsallaken iyaka, ta hanyar Tsamiya, ya tsaya bakin rumfar, shi ma fuskarsa a gefe. Ya ajiye wata 'yar kwamfuta, falle guda da bai fi tafin hannu ba, naɗe cikin ɗankwali.

"Abin ga Faransanci yake ji," in ji shi. "A maishe shi yadda yarinyar ga za ta iya da shi."

"To, Baba."

Iyakar maganar ke nan; yarinyar kuwa Riskuwa yake nufi. Abin da Alhaji bai faɗa ba, bari ni in faɗa muku. Lokacin da matarsa Inna Zuhura take jinyar ajali wajen danginta a tsallaken iyaka, wani ɗan ƙanenta ya naɗi muryarta a cikin na'urar nan. Tana sa wa Riskuwa albarka, tana yi mata waƙar da take yi mata tun tana goye. Babu kwafinta ko'ina a duniya. To wane dattijo ne zai buɗe baki ya yi wa mijin 'yarsa zancen muryar matarsa? Ai sai ƙasa ta tsage.

Mudassiru kuwa daɗi ya kashe shi. Yau ce ranar da Baba zai san ba a ba da 'yarsa ga banza ba. Ya zuba sabon tsarin da ke tafiyar da kwamfuta a katin memori, ya soka, ya jona allo, ta tashi. Sai dai daga katin tana tafiya kamar jakin da aka yi wa lodi. Ya ce ina, aikin suruki ba a yi masa rabi da rabi, filashin zai yi, ya dasa tsarin a ma'ajiyarta ta ciki.

Gargaɗi ya fito ɓaro-ɓaro: duk abin da ke ciki zai goge. Da wani ne ya kawo aikin, da tuni ya daka masa tambaya, "Kai, mi ke cikin abinka?" Haka yake wa kowa. Ga Alhaji can layin masu hatsi, ana hango hularsa. Mudassiru ya miƙe, ya yi taku kaɗan, ya ja ya tsaya. Ya je ya tsaya gaban suruki cikin mutane yana tambayarsa abin da ya ɓoye a kayansa? Kai, a'a. Ya dawo ya zauna, ya ce wa ransa tarkacen Faransanci ne kawai, ya danna.

Aiki ya yi kyau, wallahi, tana tashi kafin ka ƙifta ido.

Da la'asar suka kai na'urar gidan Alhaji shi da Riskuwa. A hanya take ce masa, tana murna kamar yarinya, "Ashe yau zan ji Inna! Ƙanwar Baba ta ce muryarta na ciki."

Nan Mudassiru ya gane abin da ya goge. Ya kau da kai, ya ci gaba da tafiya.

Aka jona a talabijin ɗin zaure. Riskuwa ta duba nan, ta duba can, babu komai, fayau. Ta juyo ta kalli mijinta. Shi kuwa yana durƙushe bakin ƙofa, kunya ta rufe shi har yana jin numfashinsa ya yi wa ɗakin yawa. Alhaji ya dube shi, karon farko ido da ido tun da aka ɗaura aure, ya gane komai.

Dattijon ya yi gyaran murya.

"Laihina ne," ya ce wa 'yarsa. "Ruwan sama ya same ni kusa da Tsamiya, ya jiƙa abin. Mijinki ya yi ƙoƙari da har ya tashe shi. Yi mai godiya."

Rabon da a ga ko ɗigon ruwa a yankin tun kafin a yanke gero, kuma duk su ukun sun sani. Riskuwa ta share hawaye da bakin mayafi, ta juyo, ta rusuna.

"Na gode, maigida. Allah shi saka."

Mudassiru, mai bakin da kasuwa ke tsoro, ya buɗe baki zai faɗi gaskiya, sai ya ga faɗinta ƙaryata Baba ne a gaban 'yarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Amin."