Abin da Saje Ya Faɗa wa Mai Aski

Malamin adabi yana leƙe ta taga lokacin da mai aski ya sake shiga gidan Saje da jakarsa a hammata. Ko sallama bai gama ba aka ce ya shigo. Malam ya saki labulen tagar.

Katanga ɗaya ce tsakaninsa da tsohon sojan. Malam ke kai shi asibiti a babur, shi ke tuna masa lokacin shan magani. Littattafan yaƙi kuwa ya karance su har sun gundure shi: kowa jarumi, ba wanda cikinsa ya taɓa ɗurar ruwa, ba wanda ya kira uwarsa. Yakan ce wa ɗalibansa ƙarya ce aka yi wa bango mai kyau, kuma shi zai rubuta na gaskiya daga bakin wanda ya je. Amma duk ranar da ya zauna gaban Saje ya ajiye waya don ɗaukar murya, sai tsohon ya ce an je an dawo, alhamdu lillahi, ya tambaye shi ya yaran makaranta.

Mai aski kuwa, wanda ko jarida ba ya dubawa, da ya kunna injin aski sai bakin Saje ya buɗe. Matar Saje ce ta faɗa. Takan hango shi daga madafi, ido a rufe, leɓɓa na motsi har a gama, wani lokacin da hawaye.

Da jikin tsohon ya yi tsanani, Malam ya tare mai aski a ƙofar gida ya tambaye shi me ake gaya masa. Ya ce hirar tsofaffi ce kawai.

"Tarihi ake zuba maka a kunne, kana kakkaɓe shi tare da gashi," in ji Malam.

Mai aski ya yi dariya, ya ce in kishi yake yi, ya sayi inji mana. Duk da haka ya yarda Malam ya kunna wayar ya zura masa a aljihun gaba.

A ranar Saje da kansa ya nemi askin, wai ba zai tafi da suma kamar wanda ya gudu daga bariki ba. Aka jingina shi da matashi a tsakar gida. Malam na ɗakinsa yana jin kukan injin ta katanga, ya kasa zama. Askin ya daɗe fiye da kullum.

Washegari da hantsi Saje ya cika.

Bayan an dawo daga maƙabarta, Malam ya koma ƙarshen tabarmar zaman makoki ya kara wayar a kunne. Kukan inji ne, daga farko har ƙarshe. Can a ƙarƙashinsa akwai murya, tana hawa tana sauka, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Ya rarrafa wurin mai aski, wanda masu gaisuwa ke ta riƙe wa hannu suna ce masa ya haƙurin rashin amini.

"Ka lalata mini. Yanzu sai ka faɗa mini da bakinka."

"Ni ma abin da nake ji ke nan, Malam. In na kashe inji, shi ma sai ya yi shiru. Ran da aka ɗauke wuta na yi masa da aska, har na gama bai ce uffan ba."

Malam ya dubi hannuwan mutumin, waɗanda suka riƙe kan nan sau ba adadi, bai ji kishin ya ragu ba.

Da rana ta yi sanyi aka fara naɗe tabarmi. Malam bai tashi ba. Ya maida muryar da ke cikin wayar zuwa farkonta, ya toshe ɗaya kunnen da yatsa. Wajen tsakiya, a ƙarƙashin kukan injin, tsohon ya yi wata gajerar dariya, ya ja numfashi, ya ci gaba.