Agogon Mai Fasa Dutse

Wa ya fi ƙaunar mutum: wanda ya tsaya a ƙofa ya hana shi komawa aikin da ke cinye shi, ko wanda ya taya shi shiri ya koma? An daɗe ana juya wannan tambaya a gidansu mai fasa dutse, har yau ba ta zauna ba.

Shi dai ƙarar guduma ta riga ta toshe masa kunne. Idan za a tashi nakiya a ramin dutse, usur ake busawa kowa ya fito. Shi ba ya jin usur, agogo yake dubawa, tunda lokacin nakiya ba ya sauyawa. Ran nan jijjigar guduma ta kashe agogon bai lura ba. Wani direban tifa ne ya finciko shi, duwatsu na ruwa a bayansu.

Da labari ya isa gida, ƙanensa Auta, mai shagon fenti, ya jawo shi har gaban kantar mai agogo. Auta ya nuna wani mai ruwan zinariya, siriri, sai sheƙi yake yi.

"Wannan za ka ɗaura, Yaya, ka zauna mini a shago ƙarƙashin fanka. Rami kuma an gama."

"Me ka ce?"

"Ka ji ni sarai! Kurumtarka zaɓe take yi."

Yaya ya ɗaga agogon da yatsu biyu kamar ya tsinci mataccen ƙwaro. "Wannan ai ko atishawa na yi sai ya suma. Malam, ba ni na aiki."

Mai agogo ya zube masa kaya. Na ƙarfe, Yaya ya ce rana za ta gasa shi ya ƙone masa fata. Mai maɗaurin fata, ya ce gumi zai ruɓar da shi. Duk mai hannaye ya ture gefe, ya ce su jijjiga ke fara kashewa. Can ƙasa ya zaƙulo wani baƙi, ƙato, mummuna, roba ta rufe shi har bakin gilashi, lambobinsa ɓaro-ɓaro.

"Wannan ko mota ta taka shi, ita za ta ji jiki," in ji mai agogo.

Yaya ya maka shi a gefen kanta. Mai agogo ya yi salati. Lambobi na tafiya abinsu. Ya sake maka shi.

"Shi nake so."

"Wallahi ko taɓa shi ba zan yi ba," in ji Auta. "In taya ka zaɓen abin da zai mayar da kai rami? Me zan gaya wa Inna?"

"Ka gaya mata ɗanta bai zama kujera ba. Da wannan gudumar aka yi maka makaranta, yanzu ita ce abin kunya?"

"Ba kunya nake ji ba, Yaya. Tsoro."

Yaya ya ji wannan, ko da yake a hankali aka faɗa. Ya san gaskiya ce, ya kuma san in ya zauna ƙarƙashin fankar nan yana miƙa gwangwanin fenti, shi ma wani ramin ne.

"Gobe zan koma," ya ce. "Da agogo ko babu. Zaɓinka ke nan, ba wani."

Ya ɗora shi a wuyan hannu zai ɗaure. Yatsunsa da suka ƙandare suka kasa, tsinken maɗaurin ya ƙi shiga huda. Agogon ya sulluɓe, ya cafe, ya sake gwadawa da haƙori. Mai agogo ya miƙo hannu, Yaya ya harare shi.

Auta ya tsaya yana kallo. Can ya ja tsaki, ya fizgo hannun yayan nasa, ya juya fuskar agogon ta ciki inda tsakuwa ba za ta same ta ba, ya ja maɗaurin ya ɗaure tamau.