Injin Tururin Baba Shekari

A shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki, Alexander ya zo gidansu a Mahuta daga Abuja ɗauke da wani kwali. A ciki akwai ɗan inji mai tulun roba, wanda baturen da yake yi wa tuƙi ya bar masa. In an zuba ruwa an jona wuta, sai ya riƙa fesa tururi mai sanyi. Ya gaya wa ƙanwarsa Damaris cewa turawa na kunna shi saboda tari, washegari ya koma.

Mahaifinsu, Baba Shekari, a masaƙa ya ƙare ƙuruciyarsa, ya fito da tarin da ya ƙi barinsa. Damaris ce ke jinyarsa tun rasuwar mahaifiyarsu. Ta taɓa ganin abin da ake ɗaura wa marasa lafiya a hanci a asibiti, sai ta ɗauka wannan ɗan'uwansa ne, asibitin ne ya biyo su har ɗaki.

Da farko kamar an dace. Rani ne, iska a bushe, sai ga leɓen tsohon ya daina tsagewa. Damaris ta ƙara himma. Tana rufe ƙofa da taga kada tururin ya gudu, tana lakato man zafi ta jefa cikin ruwan rijiyar da take zubawa. Wankewa kuwa ba ta taɓa yi ba, don tsoron kada ta kwance kayan bature ta kasa mayarwa. In ruwa ya yi ƙasa, ta ƙara a kan na jiya.

Maƙwabciyarsu Mama Celina mai ƙosai takan leƙo ta yi tsiya, wai Shekari ya zama alala ana turara shi. Tsohon ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Da Mama Celina ta ce a kai shi a duba ƙirjin nan, Damaris ta sunkuyar da kai ta ce ai suna da inji.

Aka rantsar da gwamnatin farar hula, damina ta kankama, inji na nan yana aiki. Bango ya yi baƙi da funfuna, katifa na warin danshi, littafin waƙoƙin Baba ya kumbura. Numfashinsa ya koma kamar ana busa usur. Ko yaushe Damaris ta tambaye shi, sai ya ce da sauƙi, Allah ya yi musu albarka.

Wata Lahadi yana sa takalmi zai tafi coci, ya zube. A asibiti likita ta yi ta tambaya kan ɗakin, sannan ta ce injin ba magani ba ne, danshi kawai yake ƙara wa iska. Ga damina, ga kwantaccen ruwa yana shaƙa. Da an kawo tsohon tun rani, in ji ta, da ƙirjin bai kai haka ba.

Damaris ta zauna bakin gado, ta daɗe tana murza gefen zaninta.

"Baba, ai ka ce mini da sauƙi."

"Na gane injin nan tun ranar da ya shigo," ya ce a hankali. "A masaƙa ma ana fesa irinsa, don kada zare ya tsinke."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Yayanki bai taɓa kawo mini abu ba sai wannan. Ke kuma tun da uwarki ta tafi ban ga hankalinki a kwance ba sai da injin ya zo."

Da ta koma gida ɗauko masa kaya, ta kama tulun injin ta murɗa. Nan take ya buɗe, ba wata wahala. Cikinsa duk gansakuka ce, tana yauƙi.

An sallamo Baba, amma ƙafarsa ba ta sake kai shi coci ba; daga ɗaki zuwa baranda sai ya huta. Da Alexander ya aiko wani direba yana tambaya ko inji na aiki, Damaris ta buɗe baki za ta amsa, tsohon ya riga ta. Ya ce a gaya masa yana aiki lafiya lau.