Saukar Gospava daga Dutse

Mu mutanen dutsen Sinjajevina ba a aji muka koyi sanyi ba. Ni da kuke gani na taɓa saukowa daga dutsen nan da ƙafa a shekarar da dusar ƙanƙara ta binne bukkoki har rufi, ko yatsa ɗaya ban rasa ba. To, idan na ce hankalin Miladin ya tashi a ranar nan, ku yarda abin ya isa.

Miladin maƙwabcina ne. Da bazara ya sayi wata tsohuwar mota mai jan ƙafa huɗu, wadda ta ga hannaye da yawa kafin nasa, ya sa makanike ya ɗaura mata tukunyar gas saboda fetur ya fi ƙarfin aljihunsa. Makaniken ya gargaɗe shi cewa injin mai sanyi ba ya tashi da gas, sai da ɗan fetur a tanki. Miladin ya ji, amma duk lokacin zafi motar na tashi ba gardama, sai ya bar tankin ya bushe ƙaƙas.

Da sanyi ya kawo kai, duk makiyaya suka sauko da tumakinsu, aka bar surukar Miladin, Gospava, ita kaɗai a bukkarta tana jiran cukunta ya nuna. Hanya ɗaya ce zuwa can, ta wani matsatsi tsakanin duwatsu, kuma in ƙanƙara ta toshe shi sai wata shekara. Matarsa Zorka ta dubi sama da safe ta ce ya je ya ɗauko mata uwa yau ɗin nan. Da ƙyar motar ta tashi a ƙofar gida. Bai gaya wa Zorka dalili ba.

Ya isa bukkar da rana tsaka, gari ya yi duhu kamar bakin tukunya. Ya bar injin yana aiki, da niyyar a loda kaya a juya. Gospava ta leƙo, ta ce ya kashe wannan jakin ƙarfen, ba a sallamar bukka cikin hayaniya, kuma ita ba buhun dankali ba ce da za a jefa a baya a wuce.

Ya san al'adar. Ba a rufe bukka sai an fasa itace an jera, an ajiye gishiri da gari don matafiyin da sanyi zai koro, sannan a binne wuta da toka. Ya dubi allurar gas, ta kwanta sosai saboda hawan dutse. In ya bar motar tana aiki, gas zai ƙare kafin matsatsin. In ya kashe, injin zai huce. Ya kashe, ya tuɓe babbar rigarsa ya lulluɓe murfin injin, ya ɗora fatun tumaki a kai.

"Mijin Zorka, jinjira ka haifa ne?" in ji tsohuwar. "Ni 'yata ko bargo ba ka taɓa saya mata ba."

Ya yi yaƙe, ya ɗauki gatari. Yana fasa itace yana zagayawa ya cusa hannu ƙarƙashin fatun, kowane zuwa ɗumin ya ragu. Ta dafa gahawa, dole ya zauna ya sha, tana ba shi labarin tunkiyar da kyarkeci ya raunata, shi kuwa kunnensa na wajen iska. Kafin su gama loda akusan cuku, dusar ƙanƙara ta fara sauka a hankali. Ta binne wutar, ta yi alamar gicciye a ƙirji, ta ɗaure ƙofa da igiya.

Ya murɗa makulli. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake. A karo na gaba ya ji batir ya fara ja da baya, sai ya cire hannunsa.

"Inna," ya ce, bai dube ta ba, "babu fetur a motar nan ko ɗigo. Sai an zuba ruwan zafi a kan na'urar gas ɗin, ko ta tashi."

Gospava ta daɗe tana kallon ƙofar. Ruwan zafi sai da wuta, wutar da aka binne kuwa ba a tone ta sai bazara. Masu cewa wanda ya tone ba zai sake hawa dutsen ba suna nan da yawa, kuma ita tana cikinsu. Miladin ya ce shi zai shiga. Ta ce ya zauna, wutarta ce, ba ta son hannun marowaci a ciki. Ta kwance igiyar da kanta.

Ya tsaya a waje yana kallon sawun tayoyinsa suna ɓacewa. Da ta fito da butar tana tururi, ya zuba ruwan sannu a hankali, ya shiga ya murɗa. Tari, tari, sai motar ta kama da rawar jiki. Tsohuwar ta koma ta sake binne wutar, ba gaggawa, shi yana danna totur.

A matsatsin ƙanƙara ta kai rabin taya. Ya sa ƙaramar giya, ƙafafu huɗun suka tona, bayan motar na zamewa wajen rami yana dawowa. Suna fita, suka hango hayaƙin gidajen farko can ƙasa, gas ya ƙare. Ya bar motar ta gangara da birki har inda gangaren ya tsaya.

Gospava ta buɗe ƙofa, ta ɗauki sandarta, ta gyara ɗankwali. Ta ce za ta yi gaba ta turo masa mai doki, shi ya zauna ya tsare mata cuku.