Motar da Ba a Turawa

Tsohuwar motar Baba Direba ba ta tashi da safe sai an tura ta. Doguwa ce, ƙarfe zalla, kujerar gabanta kamar benci. Tun da matarsa ta rasu, turin nan ne kaɗai ke haɗa shi da mutane. Da ya leƙo ya ce, "Jama'a, a taimaka," sai tela ya ajiye almakashi, mai aski ya bar kai rabi, mai shago ya fito yana mita.

"Baba, gyatumar nan taka sai ta karya mana baya," in ji tela kullum.

"Tura dai, ɗan nema. Ta girmi ubanka."

In ta yi tari ta kama, sai ya bar ta ta yi ɗumi, su jingina da ita ana hira ana tsokanar juna. Maganar gaskiya, ba inda za shi. Zagaye ɗaya yake yi ya dawo.

Ɗansa da ke aiki a nesa ya ga abin kunya ne a riƙa tura ubansa a titi. Ya sa aka ɗauke tsohuwar, aka kawo wata ja, irin ta tsere, kujera biyu, cikinta na neman taɓa ƙasa.

"Maɓalli kawai za ka danna, Baba," ya ce masa a waya. "Kai da roƙon mutane har abada."

Haka kuwa aka yi. Mota kam ba ta da makusa, kafin ka ce kwabo ta tashi, ga sanyi ga gudu. Ranar farko an taru an yaba. Daga nan sai ɗaga hannu daga nesa, gilashi a rufe, ko gaisuwa ba ya ji. Kaɗaici ya ishe shi, gidan ya yi masa faɗi.

Wata safiya ya ɗauki sifana, ya lalubo batirin motar, ya kwance wayarsa, ya goge hannu. Sannan ya leƙa waje. "Jama'a, a taimaka."

Suka fito kuwa, su ukun. Har ya fara murmushi. Tela ya leƙa ciki, ya dubi giyar motar, ya ga mai canza kanta ce, ya girgiza kai.

"Ai Baba, irin wannan ko an tura ba ta tashi. Bari in kira maka bakanike."

Ya kira, suka yi masa sannu, kowa ya koma bakin aikinsa. Baba Direba ya shiga ya zauna yana jira, hannu a kan sitiyari.