Numfashin da Ke Cikin Kwaɗo

Kwana goma sha ɗaya ke nan ruwa bai ɗauke ba a unguwar Kanda, kwana goma sha ɗaya kuma Malam Kuwabara Shigenobu yana zaune a shagonsa na saman bene yana rubuta kati. Shekararsa tamanin. Gwiwa ta ƙi, ido ya fara ƙi, matakalar shagon kuwa kullum ƙara tsawo take yi kamar wani na yi mata ƙari a ɓoye. Ya yanke shawarar rufe shagon a ƙarshen wata, ya ba wani ƙaramin gidan tarihi duk abin da ya tara: tsofaffin littattafan ninkin takarda, da gauraki, da furanni, da 'yan tsana na takarda waɗanda wasunsu sun girme shi nesa ba kusa ba. Sharaɗin gidan tarihin guda ne, kowane abu ya zo da katinsa, a rubuta wanda ya yi shi da shekarar da aka yi shi. Ya rubuta dubu ɗaya da ɗari huɗu, saura ɗaya.

Shekara hamsin aikinsa ke nan, faɗa wa mutane shekarun takarda, kuma ba aiki ba ne mai jawo wa mutum farin jini. Ko da safen nan ma wani ya hawo yana haki, da littafi naɗe cikin ƙyalle, wai na kakar kakarsa ne tun zamanin sarki Meiji, fiye da shekara ɗari da suka wuce. Malam bai ko buɗe farkonsa ba. Ya juya shafin ƙarshe, inda masu ɗab'i ke sa shekara, ya tarar an yage shi. Da ma ya san a rina. Ya shinshina takardar, ya dubi tsatsar wayar da aka ɗinke littafin da ita, sannan ya dubi bango.

"Lallai kakar kakarka ta yi tsawon rai," in ji shi. "Dubi sunan littafin, daga hagu ya taso ya nufi dama. Kafin yaƙin duniya na biyu, littafin yara irin wannan daga dama ake jera sunansa. Wannan ai ƙanena ne."

Mutumin ya naɗe kayansa ya sauka ko sallama babu. Haka suke dukansu, su hawo da kakanni su sauka da takarda, haushin kuma a kan Malam yake ƙarewa. Shi dai ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma bai taɓa sa hannu a kan shekarar da bai tabbatar da ita ba. Da wannan aka san shi, ba shi kuma da wani abin da ya wuce wannan, don bai yi aure ba, bai haifa ba, bai gina ko akurki ba.

Katin da ya rage na wani ɗan kwaɗo ne na takarda. Bai cika tafin hannun yaro ba, launinsa ya koma na shayin da ya kwana, cikinsa a kumbure. Irin kwaɗon nan ne da in an gama ninkewa sai a sa baki a ɗan ramin da ke ƙasansa a hura, ya tashi ya yi ciki. Mahaifin Malam ne ya ninke shi ranar da zai tafi yaƙi, a shekara ta goma sha tara ta sarautar sarki Showa, Shigenobu yana cikin uwarsa wata bakwai. Kwaɗo da dawowa kalma ɗaya ce a harshen ƙasar, shi ya sa matafiyi kan bar shi a gida. Uban bai dawo ba, akwati aka kawo da ɗan dutse a ciki a madadin gawarsa. Ranar da uwar ta ɗora wa Shigenobu kwaɗon a hannu yana ɗan shekara shida, cewa ta yi, "Numfashin babanka yana ciki. Kada ka matse."

Bai taɓa matsewa ba. Saboda kwaɗon nan ya koyi ninki, saboda shi ya bi tsofaffin littattafai har ya ƙare a benen nan, mutane suna ta cewa ai gado ne, jini ba ya ɓuya. Da wata mata da gidan tarihin ya turo ta ga kwaɗon ta ji labarinsa, sai da ta share ido. Ta ce shi za su sa a bakin ƙofa a baje kolin watan takwas na tunawa da ƙarshen yaƙi, cikin abubuwan da sojoji suka bari. "Malam, shekara kawai za ka rubuta mana, ka sa hannu." Wai kawai. Mutumin da ya warware ninkin dubban mutane ya leƙa cikinsu, nasa guda ɗaya bai taɓa leƙawa ba, wanzami dai ba ya son jarfa. Tun yana saurayi ya taɓa ɗaga kwaɗon a hasken taga, ya ga inuwar rubutun ɗab'i ta ciki, ya yi maza ya mayar da shi akwatinsa. Yanzu ga kati fari a gabansa, ko dai ya rubuta abin da bai duba ba, ko ya buɗe abu ɗaya tilo da hannun ubansa ya taɓa.

Wajen ƙarfe biyu na rana ya ji ƙwanƙwasar sanda a matakala, a hankali, ana hutawa bayan kowane taki uku.

"Shige! Kana raye, ko in kira masu ɗaukar gawa?"

Yayarsa ce Tsuyako, mai shekara tamanin da takwas, ta taho a jirgin ƙasa tun daga garin Funabashi. Ta shigo lema na ɗiga, numfashinta na fita da ƙyar, da ƙunshin dunƙulen shinkafa mai wake a hannu.

"Haba Yaya, wa ya aike ki cikin ruwan nan?"

"Ruwa ba ya cin tsohuwa, ya san ba nama. Matsa mini kujera, kada in faɗi a kan dukiyarka ta takarda a ce na yi ɓarna."

Ya zuba mata shayi. Ta daɗe tana tari kafin ta iya kurɓa. Sannan idonta ya sauka a kan kwaɗon da farin katin da ke gefensa.

"Wannan fa? Tawada ce ta ƙare?"

"Ban duba ba tukuna."

"Shekara saba'in da huɗu kana kallonsa."

"Kallo daban, dubawa daban."

"Oho, abin naku na malamai ne. To duba mana, me kake jira? Ko sai na mutu?"

Ya juya alƙalami a hannunsa. Da ƙyar ya ce, "In na buɗe, iskar za ta fita."

Ya ɗauka za ta yi masa dariya, tsoho da shi yana zancen yara. Ba ta yi ba. Ta ajiye kofin ta ce, "Buɗe, Shige. Ina nan zaune."

Ya ɗora buta. Da tururi ya fara fita, sai ya riƙa gitta kwaɗon ta cikinsa sama-sama, don takarda ta yi laushi kada ta karye a kan ninki. Damshin damina ma ya taimaka. Ya ɗauko hantsaki da ɗan tsinken gora, ya jawo gilashin ƙara girma.  Ya saki ƙafar baya guda, ya ɗaga leɓen da ke ƙarƙashinta. Cikin kwaɗon ya lotsa. Duk rayuwarsa yana zaton in ranar nan ta zo zai ji wani ɗan sauti, ko yaya ne. Bai ji komai ba sai ruwa a kan kwano.

Rubutun ciki bai dushe ba, don rana ba ta taɓa ganinsa ba. Layi biyu ne da rabi, sun taso daga hagu, da lambobi a tsakaninsu. A farkon layi na biyu ga harafin da a rubutun ƙasar yake nufin 'karatu'. Tsohon harafin nan kansa cunkushe yake da zane kamar sheƙar tsuntsu, wannan kuwa ɗigo uku ne kawai a kansa, irin wanda masu ɗab'i ba su fara bugawa ba sai bayan yaƙi da 'yan shekaru. Ya kuma ga ninkin ya yi layi biyu a wuri ɗaya, an karkace an gyara, hannun mai koyo. Farcen da ya danne layin ƙarami ne.

Ya cire gilashin ya ajiye. Da muryar da yake yi wa baƙi magana ya ce, "Showa ashirin da biyar, ko da shida. Shafin littafin makaranta ne."

"Da biyar," in ji Tsuyako. "Watan shida, ana irin ruwan nan. Littafin lissafina ne. Sai da malaminmu ya tsayar da ni a waje da bokitin ruwa a kowane hannu saboda shafin nan."

Ya juyo ya dube ta.

"Kada ka zuba mini ido kamar kifi. Ka dawo daga makaranta kana kuka, wai ɗan mai awara ya nuna muku agogon ubansa, kai ba ka da komai na naka. Kwana biyu ka ƙi cin abinci. Me za mu ba ka? Abin da Baba ya bari reza ce da takalmi, su ma tuni Inna ta musanya su da dankali. Sai na yage shafi na ninke. Sau uku ina ɓatawa."

"Baba bai taɓa..."

"Baba? Baban da ko tawul bai iya ninkewa ba? Mai gyaran keke ne fa, yatsunsa kamar rogo. Mutumin kirki, amma ka ba shi takarda sai dai ya naɗe taba."

"Inna ta sani?"

"Ita ta ƙago zancen numfashi. Ni dai hurawa na yi."

Ya so ya ji fushi, don fushi ko ba komai yana ɗaga mutum daga kujera. Bai zo ba. Gajiya ce ta sauko masa, ta shekara hamsin gaba ɗaya, har ya ji hannunsa ya yi masa nauyi a kan tebur. Ya dubi akwatunan da ya ɗaure jere da bango, duk gadon da ya ɗauka na uba ne, ashe daga littafin lissafin yarinya ya fito. Ya tuna fuskar mutumin da safe yana naɗe ƙyallensa, ya ji kunya.

"Me ya hana ki faɗa mini, Yaya?"

"Da kana yaro, tausayi. Da ka girma ka zama Malam, kowa na cewa idonka ba ya kuskure, sai na ce to, Shige ya gano, yana rufa mini asiri ne. Shekara hamsin ina gode maka a zuci, ashe a banza nake yi." Ta yi dariya, dariyar ta koma tari, ta daɗe kafin ta samu kanta. "Da ka ce mini a waya za su sa shi a bakin ƙofa da sunan Baba, sannan na gane ba ka sani ba. Likita ya ce huhun nan ba zai kai ni baɗi ba. Ban so in tafi in bar mutane suna layi suna kuka a kan littafin lissafina. Na gaji da ɗaukarsa, Shige, ya fi ƙarfina."

Ta kwance ƙunshin ta tura masa dunƙule ɗaya, ya ci rabi don kada ta yi mita. Sannan ya jawo katin. Ya san da abin da zai rubuta babu bakin ƙofa, babu baje kolin watan takwas, matar gidan tarihin za ta yi godiya cikin ladabi ta sa shi a durowa. Ya rubuta shekarar, ya rubuta irin takardar, ya sa hannu. A gurbin sunan mai ninki ya rubuta Kuwabara Tsuyako, 'yar shekara goma sha huɗu. Ta karɓa ta nesanta shi da idonta tana karantawa.

"Kuwabara," in ji ta. "Shekara sittin da biyar rabon da a kira ni da sunan gidanmu, tun da na yi aure. Amma ka sa 'mai koyo', kada a ce iyakar iyawata ke nan."

"Ai duk mai ido zai gani."

"Ji mara kunya. Mai idon da ya yi shekara saba'in bai gani ba?"

Ya mayar da leɓen a kan tsohon layinsa, har da karkacewar, bai gyara mata ba. Ya mayar da ƙafar. Kwaɗon ya kwanta a tafin hannunsa a lotse. Ya cire katin daga cikin na gidan tarihi ya sa a aljihun rigarsa, wannan ɗaya ba zai bayar ba, ya miƙa mata kwaɗon.

"Hura, Yaya."

"Da wane huhun?"

"Da wanda ya rage."

Ta sa shi a baki. Na farko bai motsa ba. Na biyu tari ya katse ta, sai da ya riƙe mata kafaɗa. Ta huta, ta rufe ido, ta tattaro abin da za ta iya. Takardar ta yi ɗan ƙara, gefe ɗaya ya tashi, ɗayan ya tsaya rabi.

"Iyakarsa ke nan," in ji ta tana haki.

"Ya isa."

Ya tara hannu biyu kamar yadda ya yi yana ɗan shekara shida, ta ɗora masa.

"Kada ka matse," in ji ta.