Ranar da Auta Ta Zaɓi Baƙaƙe

Shekara tara mai gyaran fanka yana buga ces, darar nan ta Turawa, da 'yarsa Auta a bayan shagonsa, kuma kullum farare yake ba ta. Mai farare ne yake fara motsi, shi kuwa uba ne, sai ya riƙe baƙaƙe ya bar ta ta kawo masa hari. Abin da ya iya ke nan, shi ya koya mata: ki tsare gidanki, ki ɓoye sarkinki, kada ki ba da ko soja ɗaya a banza.

Ranar Laraba da yamma ta dawo daga makaranta, ta ture wata tsohuwar fanka daga kan tebur, ta jera 'ya'yan wasa. Sai ta juya allon, baƙaƙe suka koma gabanta.

"Kin yi kuskure," in ji shi.

"Ban yi ba, Baba. A gasar ranar Asabar da baƙaƙe zan buga wasan farko. Kawu ya koya mini wata kariya."

Kawu ƙanin matarsa ne, injiniya, wanda ya dawo daga karatu da littattafan ces cike da jaka. Wata uku ke nan sunansa bai bar bakin yarinyar ba. Kawu ya ce, Kawu ya nuna mini. Ko ruwa za ta sha, sai ka ce Kawu ne ya haƙa rijiyar.

Uban ya goge man inji daga hannunsa, ya tura sojan gaban sarki. Maimakon ta tare shi gaba da gaba kamar yadda ya koya mata, sai ta tura wani soja can gefe.

"Wannan ce kariyar? Kin bar ƙofa a buɗe kin tafi shara a bayan gida."

"Ka dai buga, tsoho."

Ta riƙa motsi ba ta ko tunani, tana kaɗa ƙafa. Har yadda take ɗaga doki da yatsu biyu ba nata ba ne, na Kawu ne. Wannan ya fi komai ci masa rai. Sarkinsa yana hagu, nata yana ɗaya gefen, kowa ya saki gida ya nufi na wani. Can sai ta ɗauki hasumiyarta, babbar kadara, ta cinye dokinsa da ita, a inda ƙaramin soja zai iya cinye ta.

"Ci mana," ta ce tana murmushi. "Kyauta ce."

Ya daɗe yana kallon allon. Wani ya leƙo da dutsen guga a hannu, uban ya ce masa ya dawo gobe. Idan ya ci hasumiyar, gidan sarkinsa ya rushe. To wa ya ce dole ne ya ci? Layin bakin allo a buɗe yake tun da ya tura sojansa ta can. Ya bar kyautar a inda take, ya zura sarauniya kusa da sarkinta. Motsi huɗu, wasa ya ƙare.

Ya gyara zama, yana jiran ta tambaye shi yadda aka yi. Amsar tana bakinsa. Sai ta zaro waya.

"Kawu, an cinye ni. E, Baba ne. Wallahi Baba." Ta karanta masa motsin ɗaya bayan ɗaya, ta buɗe muryar wayar.

"Sa'a ce kawai," in ji Kawu, ana jin ƙarar motoci a bayansa. "Kin yi jinkiri ne. Ki ba da hasumiyar tun da wuri. Yaya, ashe har yanzu da sauranka? A gaishe da fankoki."

"Za su ji," in ji uban.

Ya san ba haka ba ne. Ko ta ba da hasumiyar da wuri, ƙofar nan ta bakin allo tana nan a buɗe, kuma duk yaron da ya iya wasa zai gan ta ranar Asabar. Ya ɗauki sukudireba ya kama kwance wata fanka da ba ta bukatar kwancewa. Idan ya yi shiru, za a cinye ta a gaban mutane da kariyar Kawu, ta dawo shagon nan ta zauna inda ta saba. Har ya hango Kawu yana sosa ƙeya. Abin ya yi masa daɗi, daɗin da ya ba shi kunya.

Sai kuma ya hango Auta a babban ɗakin gasa, ita kaɗai a gaban allo, tana cizon leɓe don kada ta yi kuka. Ya ture fankar gefe.

"Mayar da su yadda suke kafin ki ci dokin."

"Baba, Kawu ya riga ya..."

"Mayar da su, na ce."

Ta jera. Ya sa yatsa a kan ƙaramin sojanta na bakin allo, ya tura shi gaba taki biyu.

"Wannan tukuna. Ki toshe mini hanya, sannan ki yi haukanki. Gwada ki gani."

Suka sake bugawa daga nan. Ya nemi hanyar shiga ya rasa. Da ta ba da hasumiyar, dole ya ci, gidansa ya rushe, ta bi sarkinsa har tsakiyar allo ta kashe. Suka sake, ta sake cinye shi.

Ta tashi tsaye, idonta yana ƙyalli, ta rungumi wuyansa har hularsa ta faɗi.

"Yanzu kam kariyar Kawu ba ta da rami. Bari in je in nuna masa, zai ji daɗi."

Ta kwashe 'ya'yan wasan a jakar makaranta, ta ɗauki allon a hammata. Daga bakin ƙofa ta juyo.

"Ranar Asabar shi zai kai ni a mota. Akwai wuri a baya, in za ka rufe shago."

Ya sunkuya ya ɗauki hularsa, ya kaɗe ta a gwiwa.

"Ƙarfe nawa?" ya ce.